Agana, cutar da aka bi gida-gida har aka ga bayanta

Cikin duk cututtukan da suka addabi ɗan Adam, guda ɗaya tak aka iya shafewa daga doron ƙasa, ita ce agana, wadda tsofaffi ke kira 'yan rani. Tarin fuka yana nan, kwalara tana leƙo mu duk damina, hatta annobar nan ta ƙuman ɓeraye da ta yi wa Turai ɓarna daga 1347 har yau ana samunta a Madagaska. Amma agana, tun ranar 8 ga Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar babu ita. Kuma har aka gama da ita ba ta da magani. Wanda ta kama sai jinya da addu'a. A nau'inta mai tsanani, cikin mutum goma uku ba sa tashi.

Ni ban tarar da ita ba, aikinta kawai na gani a fuskar gwaggona, yayar mahaifina. Zanzana ta rufe mata goshi da kumatu da karan hanci, idonta na hagu ya yi fari fat. Ba ta cika son zancen ba, sai in an matsa mata. Ta ce da zazzaɓi da ciwon baya take farawa, bayan kamar kwana uku ƙuraje su feso a baki da fuska, su bi hannu da ƙafa har tafi, su nuna gaba ɗaya su cika da mugunya. A bayan gari aka yi musu bukkoki, su da sauran yaran unguwa, aka baza musu rairayi, don tabarma manne wa jiki take yi. Wata tsohuwa da ta taɓa yin cutar ita kaɗai ke shiga da kunu, saboda kowa ya san agana ba ta kama mutum sau biyu. Na taɓa tambayarta me ta fi tunawa. Ta ce, "Ɗan nan, warin. Tun daga bakin hanya za ka san akwai mai agana."

Tsohuwar cuta ce ƙwarai. A gawar Fir'auna Ramsis na Biyar, wanda ya mutu sama da shekara 3,000 da suka wuce, an ga tabon da ya yi kama da nata. Likitan nan Abubakar ar-Razi ya yi bayanin yadda ake bambanta ta da ƙyanda tun fiye da shekara dubu. A 1520 ta shiga birnin Tenochtitlan na Meziko a bayan Sifaniyawa, ta kashe sarkin Aztek da ɗimbin mutanensa, a 1521 birnin ya faɗi. A ƙarni na 20 kaɗai ana ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 300.

A makaranta an koya mana Edward Jenner, likitan Ingila da a 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin cutar shanu daga hannun wata mai tatsar nono ya sa wa yaro ɗan shekara takwas, yaron ya tsira daga agana. Ya cancanci yabo. Sai dai kafin a haife shi mutanen Afirka da Indiya da Turkiyya suna da tasu dabarar: a ɗan tsaga fatar lafiyayye, a shafa masa mugunyar mai agana, ya yi 'yar rashin lafiya ya warke, shi ke nan ya fita. Wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus shi ya bayyana wa ubangidansa Cotton Mather wannan a birnin Boston na Amurka. Da annoba ta ɓarke a can a 1721, cikin kusan mutum 6,000 da suka kamu 844 suka mutu. Cikin mutum ɗari biyu da 'yan kai da aka yi wa tsagar, shida ne suka mutu. Dabarar tana da haɗari, don wanda aka yi wa yana iya shafa wa wasu, amma lissafin a fili yake. Sunan Onesimus dai ban taɓa jin sa a aji ba.

Ɓangaren da ya fi burge ni a Najeriya ya faru. A watan Disambar 1966 wani likita ɗan Amurka, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja sai labari ya zo masa cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye. Tsarin da aka sani a lokacin shi ne a yi wa kowa da kowa lamba, wato allurar rigakafin agana, aƙalla mutum 80 cikin 100. Shi kuwa ruwan rigakafin da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka tura 'yan aike ƙauye-ƙauye su dawo da amsar tambaya ɗaya: ina masu ciwon suke? Aka yi wa mutanen gidajen da abin ya shafa lamba, da maƙwabtansu. Sannan aka zauna da mutanen gari aka tambaye su, in ɗan ƙauyen nan zai fita, wace kasuwa yake ci, ina danginsa suke? Aka riga cutar zuwa can. Kamar dai yadda manomi ke share ciyawa ya kewaye gonarsa kafin wutar daji ta iso. Annobar ta mutu ba a yi wa ko rabin mutanen yankin lamba ba.

Wannan dabara ce aka ɗauka aka kai Indiya da Bangladesh da Habasha. Ta yi aiki ne saboda halin cutar kanta. Agana ba ta zama a jikin dabba, daga mutum sai mutum. Ba ta ɓuya, ko yaro ya ga fuskar mai ita ya gane. Kuma in aka yi wa mutum lamba cikin kwana uku zuwa huɗu da cuɗanya da mai ciwon, yawanci yakan tsira. Ga kayan aiki masu sauƙi: busasshen rigakafi mai jure zafin rana, da wata 'yar allura mai baki biyu da ake tsomawa a ruwan a caccaki damtse sau 15. Cikin ɗan lokaci ake koya wa mutumin da bai taɓa shiga makarantar likita ba. A Afirka ta Yamma an fi amfani da wata bindigar allura da ake taka wa feda da ƙafa, a jera mutane a ƙofar fada ko bakin kasuwa bayan mai shela ya zaga. Faffaɗan tabon da ke damtsen iyayenmu na wannan lambar ne. Ƙaramin da ke hannunmu mu 'yan baya na rigakafin tarin fuka ne, mutane da yawa suna haɗa su.

A 1967, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin kawar da agana, ana ƙiyasta mutum miliyan 10 zuwa 15 ke kamuwa duk shekara. Zuwa 1970 an gama da ita a Afirka ta Yamma, yankin da wasu ke ganin shi zai fi wuya, ga kuma yaƙin basasa a Najeriya. Amurka da Tarayyar Sobiyet, da ke zaman doya da manja, duk sun ba da gudummawa.

Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a yaɗuwarta ta asali cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, a Oktoban 1977. Ya shiga mota na 'yan mintoci don nuna hanya, a ciki akwai yara biyu masu agana. Ma'aikacin asibiti ne amma bai yi lamba ba, daga baya ya ce tsoron zafin allurar ne ya hana shi. Ya warke, ya koma yana bin gidaje yana roƙon iyaye su bari a ɗiga wa 'ya'yansu rigakafin shan inna, yana ba su labarin kansa. A kan wannan aikin zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a 2013.

Ƙwayar cutar kuwa ba ta ƙare ƙurmus ba. A 1978 wata mai ɗaukar hoto a jami'ar Birmingham ta Ingila, Janet Parker, ta kamu daga wadda ake ajiye da ita a ɗakin bincike, ta mutu. Yau a hukumance wuri biyu ake ajiye da ita, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha, kuma an sha zama kan a ƙona ta ana ɗagawa, masu bincike na cewa suna buƙatarta don haɗa magani. A 2014 ma an tsinci wasu tsofaffin kwalabenta da aka manta a wani ɗakin ajiya kusa da Washington, aka gwada aka tarar wasu da ransu. Da za a tambaye ni, a ƙona. Yawancin mutanen duniya yanzu bayan an daina lamba aka haife su, ba su da kariyar komai a jiki, kuma masana na danganta yawaitar ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, da wannan giɓin, domin lambar agana tana kare mutum daga ita ma.