Abin da lifidi ya koya wa allurata

Shekara uku na yi ina haɗa bargon ƙyallaye irin wanda nake gani a Pinterest, shafin hotuna na intanet. Komai a aune, kowane ƙyalle da abokin zamansa. Mutane sun yaba, wasu ma sun saya, amma ni in na shimfiɗa shi a gado sai in ji kamar kayan aro.

Ranar Hawan Daushe abin ya sauya. Ina tsaye wajen Ƙofar Kudu da 'ya'yan yayata sai ga 'yan lifida. Tun ina yarinya nake ganinsu, amma ran nan ɗinkin na kalla, ba dokin ba. Yadi ne sama da ƙasa, an cusa auduga a tsakani, an bi shi da allura layi bayan layi har ya yi kauri. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji lifidi ya shigo, don kare doki da mahayinsa a fagen yaƙi. Ashe abin da nake nema a waya duk Sallah yana wucewa ta gabana.

Daga nan na rage launuka. Ina sayen farin yadin auduga a Kantin Kwari, in kai marinar Ƙofar Mata. Ina son tsayawa in ga an tsamo shi daga rijiyar baba da toka da kanwa. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a kan idonka. Kashi uku nake sa a yi mini: mai haske, matsakaici, da wanda aka yi ta tsomawa har ya kusa baƙi. Da fari ban san shuni yana zuba haka ba, na haɗa shi da fari ban wanke ba, aikin wata biyu ya ɓaci. Na yi kuka ranar. Yanzu sai na ɗauraye shi har ruwan ya fito tas kafin almakashi ya taɓa shi.

Haɗin ƙyallayen da keke nake yi, amma bin saman da hannu, da farin zare mai kauri, ina kwaikwayon aska biyu ta wuyan babbar riga.

Da Goggona ta ga na farko, ta juya shi ta duba baya, ta ce, "Ke 'yar nan, layinki bai miƙe ba, amma zai yi ƙarko." Washegari ta aiko mini da tsohon zanenta na saƙi, wanda gefensa ya cinye.

Shi na yanka na sa a tsakiyar wanda nake yi yanzu. Saura kusurwa ɗaya, kuma ina so in gama kafin sanyin hunturu ya shigo, don a gadonta zai kwana.