Yadda muka ɗora bodin Model A a kan shasin hot rod

Anan Amurka akwai wasu motoci da suke kira hot rod, yawanci tsoffin Ford ne irin na 1928 zuwa 1934 ake cire musu madigadi a sa musu katon injin V8 mai silinda takwas. A garejin da nake aiki a Ohio muka samu irin wannan aikin, bodin ƙarfe sabo fil na Ford Model A ƙirar 1929 marar rufi, shasin kuma na haɗi ne da aka walda shi a siffar Ford na 1932. Ni aikin fanel bita na koya tun a gida, toh shi yasa ogana ya bar min ɓangaren bodin.

Abu na farko dai wannan bodin da wannan shasin ba don juna aka yi su ba. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Model A inci 103.5 ne, na 1932 kuma inci 106, sannan ƙarfen ƙasan bodin a miƙe yake shi kuwa shasin yana lanƙwasa ya tashi sama ta baya. Kana ɗora shi zaka ga bai zauna daidai a kan shasin ba. Dole muka yanke ƙarfen ƙasan ta baya muka yi masa sabo mai bin lanƙwasar shasin, kuma kafin a taɓa giranda sai da na walda sanduna a cikin bodin gicciye, domin mota marar rufi da ka yanke mata ƙasa buɗewa take yi, ƙofofin su tashi daga inda suke.

Kafin ma a kai nan na ja zare a tsakiyar shasin daga gaba har baya, na auna kusurwa zuwa kusurwa da tef don in tabbatar bai karkace ba, saboda zafin walda yana jan ƙarfe sosai musamman idan an rufe cikin shasin da faranti don ƙara masa ƙarfi.

Inda na fi daɗewa kuma inda nafi ƙaruwa shine ƙofofi. Ogana yace kar in ɗaure ko noti ɗaya sai an sa inji da giyabos an sauke motar a kan tayoyinta, kuma wallahi gaskiyarsa, tana kan jak ƙofa tana rufuwa lafiya lau, ana sauke ta nauyin injin ya ɗan lanƙwasa shasin sai ga ƙofar direba tana gogar gindi. Maganin shine ƴan siraran ƙarafa kamar washa da ake cusawa tsakanin bodi da shasi a wajen kowane noti. Ka ƙara ɗaya a ƙarƙashin ginshiƙin gaba da ƙofa ke rataye a jikinsa sai ƙarshen ƙofar na baya ya ɗago, ka ƙara a baya ratar saman ƙofar ta matse, ka gyara hagu dama ta motsa, haka zaka yi ta kwancewa kana ɗaurewa kana buɗe ƙofa kana rufewa har yatsunka su yi ciwo. Ratar da muke nema wajen 3/16 na inci ce ko'ina, na yanki ɗan ƙarfe mai wannan kaurin ina zura shi a kewayen ƙofar. Kuma a ɗaure ake aunawa, in ka auna noti a sake aikin banza kayi.

Wasu sukan ja bodin da ƙarfin noti har ya zauna dole, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, ƙarfen yana nan a takure kuma gaba fenti zai tsage a kusurwar ƙofa.

Sai da lagireto da bonet suka hau muka ga layin gefen motar ya miƙe daga hanci har baya, sannan na huda ramukan noti na ƙarshe. Da zamu sauke bodin a kai fenti na ɗaure washoshin kowane rami daban da waya na rubuta musu lamba, na kuma huda ƙananan ramuka biyu da suka ratsa bodi da shasi ta yadda in an dawo da shi ƙusa kawai za a zura ya koma mazauninsa. Ƙyallen da ake shimfiɗawa a kan shasi don kar ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe shima da shi muka yi duk awon, don kaurinsa kaɗai ya isa ya canza ratar ƙofa.