Kalmar da na kasa faɗa

Da asuba aka yi ruwa har na ɗauka za a ɗage tattakin, amma kafin ƙarfe bakwai gari ya washe, muka hallara a Dandalin Murtala da ke Kaduna sanye da rigunan ruwan ɗorawa waɗanda kuɗinsu zai shiga asusun sayen magani ga masu ciwon damuwa marasa hali. Yaya ce ta kai ni, tana tsokanata cewa ni da ko kasuwar unguwa sai na hau Keke Napep, yau zan taka kilomita biyar. Na taka kuwa, ƙafafuna ne shaida.

Kafin mu tashi, wata likitar ƙwaƙwalwa ta tunatar da mu cewa tun 2003 ake ware 10 ga Satumba domin wayar da kan jama'a a kan matsalar masu kashe kansu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara. Ta yi maganar sashe na 231 na Final Kod, kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin ya tsira, alhali Ghana ta soke irin wannan doka a 2023. Na yi ta gyaɗa kai kamar wadda ta fi kowa fahimta.

A titin Ahmadu Bello, dab da Kasuwar Gumi, na tsaya gyara igiyar takalmi kusa da wani dattijo mai tiren goro. Ya ce, "'Yata, wannan gangami na mene ne?" Na ce, "Baba, na lafiyar ƙwaƙwalwa ne." Ya dubi rigata, ya dube ni, ya ce, "Na yi yaƙi da jahilci, ba abin da aka rubuta a jikinki ke nan ba." Kunya ta rufe ni. Na ɗauki kalmar a ƙirjina tun daga dandali, amma bakina ya ƙi furta ta, kuma Hausar ma ba ta taimake ni ba, domin idan aka ce kisan kai, wanda ya kashe wani ake nufi. Shi wannan sai an zagaya an ce ya kashe kansa, an ɗora masa aikin a ka.

Ya yayyafa wa goron ruwa, ya ja algarara ya rufe, sannan ya ce ɗansa na biyu ne, shekara shida ke nan. Limamin unguwa ya janye, wani almajirinsa ya ja sallar, sahu bai cika biyu ba. Waɗanda suka zo gaisuwa ba su zauna ba. "Har yau duk wanda ya tambaye ni sai in ce zazzaɓi ne, kuma wata uku yaron nan ya yi ba ya barci, muna cewa sammu ne." Ya zaro naira 200 daga aljihun gaba ya miƙo mini, ya ce a sa a asusun. Na ce Allah ya jiƙansa, ya ce amin, na ruga na cim ma ayari.

Ban gaya masa cewa mu ma a gidanmu "gajeriyar rashin lafiya" muke cewa game da ɗan Goggo ba, ko kuma cewa saboda shi na sayi rigar. Dattijon da bai san ni ba ya buɗe mini cikinsa a bakin titi, ni kuwa da na fito wayar da kan jama'a na yi masa rowar gaskiya.

Da na dawo, Inna ta tambaye ni yadda tattakin lafiyar ƙwaƙwalwar ya kasance, domin haka na gaya mata tun jiya. Na ce lafiya lau. Sai bayan isha, ina kwashe kayan jaka, na ga naira 200 ɗin a ninke, da jan goro a gefenta, ban sa ta a asusun ba.