Tarihin Rayuwata (17): Ruwan Lagireton Baba

Makon jiya na tsaya a rabon gado, inda motar Baba, J5, ta faɗo mana ni da Yaya Babba. Wasu sun ce in tsallake zancen motar nan. Ba zan tsallake ba, domin har gobe akwai masu cewa a cikin dangi ni na kashe ta, kuma Baffa ya koma ga Allah da wannan zance a ransa.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba, amma ba ya tayar da mota da asuba sai ya buɗe murfi ya leƙa ruwa. In ya ga koren ruwan ya fara dusashewa sai ya girgiza kai ya ce, “Ruwa ba ya tsami banza.” Muna yara mun ɗauka karin magana ce kawai, ashe shi da gaske yake. Koren ruwan lagireto yake saya a Ƙofar Ruwa, ya haɗa rabi da rabi da ruwan batir, wato tataccen nan da ba asid a ciki, duk shekara biyu kuma ya zubar ya sake sabo. Tsohon ma rami yake haƙa masa a bayan gida, don yana da zaƙi kuma guba ne, ga awakin Inna ba abin da ba sa lasa.

J5 dai Peugeot ce, an ƙera ta daga 1981 zuwa 1993, tamu mai fetur ce, injinta ɗan gidan na 504. Gangar injin ƙarfe, kansa alminiyam, lagireton kuma na tagulla ne da aka liƙe da dalma. Ƙarafa iri-iri ke nan ruwa ɗaya yake zagayawa, in ba magani a cikinsa sai su dinga cin juna.

Yaya bai yarda da wannan ba. Ranar da ya karɓi makulli ya ce, “Kai, wannan ruwan na Turawa ne masu ƙanƙara. Mu ina muka ga ƙanƙara a Kano?” Na ce, “Yaya, Baba ba don sanyi yake zubawa ba.” Ya ce tun yaushe na fara koya masa mota. Na ja bakina, babba ne. Amma ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, haɗin Baba sai wajen 107, in murfi na riƙe iska da kyau ya wuce haka nesa. Babban aikinsa ma hana tsatsa ne. Ruwan rijiyar gidanmu kuwa, wanda Yaya ya koma ɗurawa da jarka, farin gishiri yake bari a ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe.

Da ta fara zafi, bakanikensa ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, aka ce an gyara. Ni lokacin hidimar aurena ta sha kaina, sai dai in ji labari.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne jan galan. Yaya ya ga abokinsa mai bas Homa yana zuba jan ruwan lagireto, ya ji an ce shekara biyar yake yi, sai ya sayo wani marar takarda a bakin titi ya antaya a kan tsatsar da ke ciki da ragowar koren Baba, ko wankewa bai yi ba. Sai da na yi shekaru ina jan Hiace ta wani Alhaji na gane abin sosai. Launi rini ne kawai. Jan Toyota daban, jan Volkswagen da ake kira G12 daban, kore ma ba duka ne iri ɗaya ba. Irin na da yana da wani sinadari, silikat, yana shafe ƙarfe da wuri amma ƙarfinsa na ƙarewa cikin shekara biyu. Na zamani yana daɗewa, sai dai don lagireton alminiyam da roba aka yi shi, ba don tagulla da dalma ba. In aka gauraya su maganin kowanne ya raunana, wani sa’in ya kama jiki. Tsohuwar mota a duba littafinta ko a karanta bayan galan, in za a canja iri kuma a wanke ta tas tukuna. Baba bai san sunan ko ɗaya ba, amma bai taɓa haɗa biyu ba.

Makon da ya biyo baya ni ne da tuƙi. Na yi lodin tumatir a Kadawa, ban kai Kwanar Dangora ba allura ta haye ja, tururi ya turnuƙe gaban mota. Na jira ta huce kafin in taɓa murfi, don na ga yadda ruwan zafi ya sale wa wani kwandasta fuska a tasha. Da na cire tiyon ƙasa, abin da ya fito kamar kunun kanwa, ja-ja, da gudaji. Na zaro sandar gwajin mai, baƙin mai ya koma fari-fari. Gasket, wato abin da ke liƙe tsakanin kan inji da gangarsa, ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Tumatir kuwa rabinsa a bakin titi aka yi gwanjonsa.

Da dare aka tara mu a zauren Baffa. Yaya ya ce lafiya lau ya ba ni ita. Baffa ya dube ni ya ce, “Ɗana, a hannunka ta mutu, sai ka ɗauki gyara.” Na ce, “Baffa, ruwa ba ya tsami banza, a tambayi abin da aka zuba mata.” Ya ce kada in kawo masa maganar mamaci a gaban manya. Jan galan ɗin yana nan ƙarƙashin kujerar baya, saura kaɗan a ciki, ba wanda ya ce a ɗauko.

Ni na biya, da kuɗin da na tara na kayan lefe. Yadda Inna ta je gidan surukaina neman a ɗaga biki, da abin da aka faɗa mata a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.