Ranar ƙirga: kujeru 19 babu kowa

Laraba, 4 ga Oktoba 2023

Yau ce ranar ƙirga a duk faɗin jihar Mishigan ta Amurka, Larabar farko ta Oktoba, ranar da ake ƙirga yaran da suka zo aji don sanin kuɗin da jiha za ta ba makaranta. Tun bakwai da rabi harabar makaranta ta cika. Malamai na bakin ƙofa suna yi wa yara maraba, an ɗaure balan-balan a jikin matakala, masu kicin sun dafa abin da yara suka fi so. Har cikin raina na ji daɗi, don ba kullum ake ganin motar makaranta ta sauke yara babu ko ɗaya da ya makara ba.

Ƙarfe sha ɗaya rajistar azuzuwa ta iso ofis. Kasafin da hukumar gudanarwa ta amince da shi a watan Yuni an gina shi ne a kan yara 320. Waɗanda suka zauna a aji yau 301 ne.

Sha taran nan ba matsayinsu ɗaya ba. Sha ɗaya iyayensu sun bugo waya sun ba da uzuri, doka ta ba su kwana 30 su dawo a saka su cikin lissafi. Biyar shiru, ba waya ba takarda, su kwana 10 na karatu kawai suke da shi. Uku kuwa iyayen sun tashi daga unguwar, babu batun dawowa.

Nan muka tsaya da Hajiya, shugabar makarantar, kuma maganar ce ta hana ni sakat har yanzu. Ta ce, "Malam, don Allah kada ka taɓa kasafin nan tukuna. Yaranmu ne, na san gidajensu, za su dawo." Na ce, "Hajiya, Allah ya sa. Amma ki duba takardar nan." Bana jiha na biyan dala 9,608 a kan kowane yaro. Ƙirgar yau ita ke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na wannan kuɗi, ragowar goman kuma daga ƙirgar Fabrairun da ya wuce yake. Ke nan duk kujerar da ta tabbata babu kowa ta tafi da kusan dala 8,650. Idan masu uzuri duk suka dawo, biyar ɗin nan ba su dawo ba, muna kan 312, giɓin ya kai dala 69,000. Kusan albashin malami guda ke nan na shekara, haɗe da inshorar lafiyarsa.

Ta yi shiru, don ta san malamin da nake nufi. Tun bazara take neman a ɗauki malama ta biyu da za ta riƙa zama da 'yan aji uku da har yanzu karatu bai zauna musu ba, kuma an yi alkawari za ta fara a Nuwamba. Ni ma ina son a ɗauke ta. Na ga yaran nan, na ga yadda suke sunkuyar da kai idan aka ce su karanta layi ɗaya.

Ta ce, "To ai yara sun ragu, kashe kuɗi ma zai ragu." Wannan ne wurin da kasafin makaranta ke yaudarar mutane masu kyakkyawar niyya. Yara takwas ɗin ba daga aji ɗaya suka fita ba, ɗaya nan ne, biyu can. Babu ajin da za a rufe, babu malamin da aikinsa ya ƙare. Hayar gini na nan yadda take, kuɗin gas na ɗumama azuzuwa a Janairu na nan, direban mota zai bi hanyarsa ko da kujera biyu a bayansa babu kowa. Kamar tukunyar da aka ɗora don mutum ashirin ce, ko biyu sun fasa zuwa itacen da za ta ci bai ragu ba. Abin da ke raguwa da gaske littattafai ne da fensir, kuma waɗannan tun Agusta aka saya.

Ga shi mu makarantun yarjejeniya, wato masu gudanar da kansu da kuɗin jiha bisa lasisi, ba mu da ikon ɗora harajin gidaje don gini kamar makarantun gunduma. Haya da gyaran rufi duk daga kuɗin kan yaro suke fita. Jami'ar da ta ba mu lasisi ma tana cire kashi 3 cikin 100 kafin kuɗin ya iso asusunmu.

Abin da na roƙe ta shi ne a jinkirta sa hannu a takardar ɗaukar malamar har kwana 30 ɗin su cika, a kai wa hukumar gudanarwa kasafin da aka yi wa gyara a zaman wannan wata, kuma a fara yanka daga abin da ba ya taɓa aji: sababbin kwamfutocin ofis da fentin zauren taro. Ajiyarmu ba zan so a taɓa ba. Idan ta faɗo ƙasa da kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga, idon jiha na dawowa kanmu, a fara neman bayanai. Ta ce za ta kwana da maganar. Fuskarta ba ta saki ba har ta fita.

Sai batun asusun banki. Jiha na biya ne sau 11 a shekara, daga Oktoba zuwa Agusta, ranar 20 ga wata. Satumba babu ko sisi. Tun kuɗin Agusta muke biyan albashi duk mako biyu da abin da ke hannu, sauran kwana 16 kafin na gaba ya shigo. Tallafin Tarayya na yaran masu ƙaramin ƙarfi kuwa sai ka kashe naka tukuna, ka tura shaida, sannan a mayar maka.

Masu binciken asusu sun sake aiko da tambayoyi kan rasit ɗin kicin. Wa'adin miƙa rahoto 1 ga Nuwamba.

Bayan magariba Yaya ya bugo daga Kano. Da na ba shi labari ya ce, "Ƙanina, ku ɗan ƙara kuɗin makaranta mana a zango na biyu." Na ce masa a nan ba ma karɓar ko dala ɗaya daga iyaye, doka ta hana. Ya ce to Allah ya kawo mafita.

Gobe da safe sakatariya za ta fara bin gidaje biyar ɗin da waya, wanda bai ɗauka ba a je har ƙofa. Ni kuma zan tura wa shugaban kwamitin kuɗi lissafi biyu, ɗaya a kan yara 317, ɗaya a kan 312. A na farkon akwai malamar karatu. A na biyun na juya shi ta kowace fuska a daren nan, ban samo mata wuri ba sai dai na rabin rana.