Dabo Daban, Tsafi Daban

Mutane kan zuba mai dabo da matsafi a kwando ɗaya, don abin da ido ke gani kan yi kama. Tambaya ɗaya ta isa ta raba su: idan aiki ya ƙi ci, me ya lalace? Mai dabo zai nuna maka da yatsa: zare ya tsinke, haske ya yi yawa, hannu ya makara. Matsafi kuwa sai ya ce ka karya sharaɗi, ko wani ya sa maka hannu, abin da ba mai iya bincikawa.

Ɗauki ɓatar da kwandala, darasin farko na ɗan koyo. Ka riƙe ta da hannun hagu, tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, tafin hannu na kallon sama. Hannun dama ya zo kamar zai ɗauka, babban yatsansa ya shige ƙarƙashinta, sauran yatsun su rufe ta daga gaba. A daidai wannan ƙiftawar ka sassauta babban yatsan hagu, kwandalar ta faɗa gindin yatsu. Dama ya tafi a dunƙule, idonka na binsa, hagu ya sauka a sake. Sai ka buɗe dama: wayam. Inda ake tafka kuskure shi ne hagun ya sandare, ko mai yin ya saci kallonsa, alhali 'yan kallo idon mai wasa suke bi. Wanda ya tsaya a gefe ko a baya ma zai ga komai, shi ya sa ba banza ake tsara wurin zaman jama'a ba.

Manyan wasanni ma haka suke, kayan aiki ne kawai suka ƙaru. Fatalwar da masanin kimiyya John Henry Pepper ya nuna a Landan a 1862 gilashi ne babba da aka karkata tsakanin dandamali da 'yan kallo, da ɗan wasa a wani ɓoyayyen wuri mai duhu. A haska shi, hotonsa ya bayyana a gilashin. A rage fitila, ya ɓace. Ƙura kaɗan a jikin gilashi ta isa ta tona asiri.

A 1856 gwamnatin Faransa ta tura mai dabo Robert-Houdin Aljeriya don ya dusashe tasirin masu da'awar karama. Ya ajiye ƙaramin akwati, wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga shi cikin sauƙi, da aka ce ya sake sai ya kasa ko motsa shi. Farantin ƙarfe ne a gindin akwatin, da maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali. Siyasar abin ba ta da daɗin ji, amma dabarar a fili take.

Ko mutuwa a wannan sana'a tana da bayani. A 1918 William Robinson, mai wasa da sunan Chung Ling Soo, ya rasu a wasan cafe harsashi. An gyara bindigar yadda harsashin gaske ba zai fita ba, amma ta lalace saboda yawan amfani, wuta ta kai ga albarushin da ke bayansa.

Wanda ya fi haɗari a ganina shi ne na tsakiya: mai aiki da dabo yana kiransa baiwa. Mai dabo na gaskiya ya riga ya faɗa maka rufa-ido zai yi, ka biya kuɗin kallo ka tafi. Wannan kuwa lafiyarka da dukiyarka yake nema. A 1986 James Randi, wanda shi ma mai dabo ne, ya fallasa mai wa'azi Peter Popoff a Amurka: sunaye da cututtukan da yake cewa wahayi ne, matarsa ce ke karanto masa ta rediyo zuwa 'yar na'urar da ke kunnensa, daga katunan da jama'a suka cike da hannunsu kafin a fara taro.