Kwana tara a Paris

Na baro Damagaram da babbar riga ina ganin na shirya wa hunturu, ashe ban san sanyi ba. Ɗan ƙanwata da ya tarbe ni a filin jirgi bai tsaya gaisuwa ba, ya cire kwat ɗinsa ya yafa mini. "Kawu, gaisuwar sai mun shiga mota." Shekara ashirin ke nan yana tuƙin bas a birnin.

Washegari ya kai ni kasuwar Château Rouge. Muna fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa warin busasshen kifi ya doki hancina. Ga kuɓewa, ga manja, ga wata 'yar Mali tana ciniki kamar za a yi dambe. Ya nuna mini titin Myrha, inda a da masallata ke shimfiɗa darduma a kan kwalta ranar Juma'a saboda masallaci ya yi kaɗan, har aka hana a 2011.

Juma'ar mu a Babban Masallacin Paris muka yi ta. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu wa Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayan salla muka zauna shan shayin na'a-na'a a farfajiyarsa, sai wani dattijon Bature ya ja ni da hira. Mutumin kirki ne, har alewa ya miƙo mini. Amma bai jima ba ya ce baƙi su gode, tunda Faransa ce ta kai mana wayewa, da makaranta, da jirgin ƙasa. Na ce masa, ranka ya daɗe, sanda kuka bar Nijar a 1960 ba ku bar mana layin dogo ko taku ɗaya ba. Zancen kisan gillar da sojojin Voulet, wani hafsan sojan Faransa, suka yi a Birnin Konni a 1899 kuwa na haɗiye shi. Shayi muke sha.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce jikata, 'yar shekara goma sha shida. Na raka ta makaranta wata safiya. Daf da ƙofa ta zare ɗankwalinta, ta ninke shi sau huɗu, ta cusa a jaka ba tare da ta daina ba ni labari ba. Dokar 2004 ce ta hana ɗalibai sanya ɗankwali a makarantun gwamnati, tun ba a haifi yarinyar ba. A 2023 aka haɗa da abaya. Faransancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, Hausar kuwa sai lallaɓawa.

Na tsokane ta: "Amaryata, ke 'yar ina ce?"

Ta ce a nan kullum sai an tambaye ta asalinta, in ta je Damagaram kuma yara na binta suna "ga Baturiya". Ƙararrawa ta kaɗa, ta ruga ciki, gashinta a buɗe cikin wannan sanyi.